Jiƙon Mai Jan Babur

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Littafin ga na rubuta alluran riga-kafi ne. An aiko da sabo, wanga ya saura da rabin shafuka fari. Ni Yusufu, da ake ce ma Baba Likita ko da yake takardata ba ta kai can ba, shekara talatin da huɗu ke nan ina ɗakin shan magani na ƙauyenmu, bayan Sabiyal. Saura wata bakwai in aje aiki. Ban taɓa rubuta abin da ba a tambaye ni ba, yau zan fara.

Da hantsi aka kawo Gado, manomin albasa, ƙaton mutum, ɗiyansa biyu na riƙe da shi. Gumi na zuba, hannuwa na rawa kamar na mai tankaɗe. Na gwada jininsa, babu zazzaɓin sauro. Na sake gwadawa kada a ce tsufa ya kai ga idona, babu. Na ba shi maganin zazzaɓin duk da haka, don shi muke da shi.

Ba wannan ya hana ni cin abinci ba. Yana zaune bisa benci yana ɗaga ƙafa a hankali, kamar mai ba wani abu hanya. Na tambaye shi, ya ce wasu ƙananan mutane ne, tsawonsu bai wuce kan albasa ba, tun jiya suka fito daga rudu inda ya jibge albasarsa suka biyo shi. Ya ce ba su da mugunta, kallo kawai suke yi. Ya roƙe ni in gyara ƙafata ta hagu. Na gyara.

Talata, 8 ga Afrilu, rana tsaka

Sun mayar da Gado gida. Sun ce ba ciwon asibiti ba ne, kuma ban yi gardama ba, don ba ni da sunan da zan ba shi.

Kakata ta sha gaya mana cewa rana tsaka ita ce lokacin masu wuri, ba dare ba. Ta hana mu zubar da ruwan zafi a irin wanga lokaci ba tare da bismilla ba. Na yi makaranta na bar wannan magana tun da daɗewa. Yau da na tafasa almakashi na zo zubar da ruwan, sai na ji bakina ya yi bismilla ba da shawarata ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan azahar

Ɗayyabu ya biyo. Shi ne ladanin masallacinmu, taubashina, tare aka yi mana kaciya. Yana ce mani boka mai farar riga, ina ce mashi zakara. Ya zauna ya ce in gwada jininsa kyauta tun da dai ba na warkar da kowa. Na ce zakaran da ya tsufa tukunya ce maganinsa. Ya yi dariya har da tari.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hanya. Ya ce Laraba biyu ke nan mai jan babur bai zo ba. Mutumin nan ne mai kawo jiƙon ciwon baya cikin robobin ruwa, da takarda manne an rubuta cututtuka goma sha biyu da ajami, rubutu mai kyau kamar na almajirin da ya sauke. Shekara biyu yana zuwa, ba wanda ya san garinsu. Ɗayyabu ya ce shi dai Allah ya taimake shi ya sayi da yawa kafin Sallah.

Ya tambaye ni gwiwata. Na ce ta yi sauƙi.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Gado ya rasu da hantsi. An ce jijjiga ta kama shi sau uku, ta ukun ba ta sake shi ba. Mun kai shi.

Juma'a, 11 ga Afrilu, la'asar

Junaidu mai injin ban ruwa. Gumi iri ɗaya, rawar hannu iri ɗaya. Nashi ba mutane ba ne, tururuwa ne, yana ta kakkaɓe su daga wuyansa har ya yi wa kansa rauni. Gari ya ɗauka cewa daga fadama abin yake, an ce wani ya sare tsamiyar da bai kamata ba. Mata sun daina aiken yara rijiyar can.

Yau Rahinatu ta dawo daga hutu. Ita ce ungozomarmu, shekara sha ɗaya ta yi tana aiki a ƙasar Zuru kafin a kawo ta nan. Ta tsaya kan Junaidu, ta sa ya miƙe hannu, ta sa ya fito da harshe. Sai ta ja matarsa bayan labule. Da ta fito ta ɗauki katinsa, ta aza yatsa a layi na tara, inda ake rubuta ko mutum na shan wani abu. Rubutuna ne a wurin: babu. Ta ɗauko katin Gado, nan ma babu.

Ta ce, "Baba, kun tambaye su?"

Na ce wa zai dubi mutum mai sallah a sahun gaba, wanda ya girme shi ko suka yi wasan ƙasa tare, ya yi mashi wagga tambaya? Na ce tun ranar da na fara aiki nake cike layin ga kafin mutum ya zauna. Haka wanda ya koya mani aiki yake yi, Allah ya jiƙansa.

Ta rubuta takarda da Turanci ta liƙe, ta sa aka ɗauki Junaidu zuwa Jega cikin motar ɗaukar albasa.

Asabar, 12 ga Afrilu, hantsi

Hannuna lafiya.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Rahinatu ta ce tana son ta ga jiƙon da idonta, robar Junaidu ta ƙare tun Talata. Na kawo mata wata mai rabi, na ce wani ne ya bar ta wurina. Ta dube ni, ta dubi robar, ta karɓa.

Muka zagaya bayan ɗaki, rana na tsaka. Ta sunsuna ta kawar da kai. Ni citta da kanumfari da ɗacin sassaƙe kawai na taɓa ji a ciki. Ta zuba kaɗan cikin ƙaramin kwanon ƙarfe, ta ƙyasta ashana. Na zaci ba abin da ya faru. Ta ce in kawo hannu. Na kai hannu saman kwanon, sai zafi ya cije ni. Wuta ce ke ci bisa ruwan, shuɗiya, rana ta haske ta har ba a ganinta. Muka tsaya muna kallon abin da ba mu gani har ya cinye.

Shekara talatin da huɗu ina goge fatar mutane da sifirit kafin allura. Na san warinsa kamar warin rigata. Ban taɓa neman shi a bakin mutum ba.

Ta yi mani bayani, ni da na isa in haife ta. Ta ce a can Zuru ta ga irinsa da yawa. Mutum in ya daɗe yana sha kullum, jiki na jingina da abin, ranar da aka janye sai jikin ya faɗi, kwana biyu ko uku bayan kurɓar ƙarshe. Ta ce akwai allurar da ke kwantar da jijjigar da wata ta bitamin, suna Jega, mu ba mu da su. Ta tambayi wa da wa na sani. Na faɗi suna ɗaya. Ta ce in je in kawo mata shi, kada in yi komai bayan wannan.

A makaranta an yi mana darasin abin cikin rabin awa. Malamin ya ce mu nan ba ruwanmu da shi, muka wuce zuwa kurkunu.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Na kai ƙofar gidan Ɗayyabu na dawo. Na yi ta gyara maganar a bakina, ko ta ina na kama ta sai ta yi kama da zagi.

Junaidu na raye, an ce ya gane matarsa.

Talata, 15 ga Afrilu, magariba

Na gaya wa Ɗayyabu. A zaurensa, mu biyu. Ban faɗi sunan abin ba, na ce dai abin nan da aka hana, shi ne a cikin jiƙon. Ya yi dariya ya ce boka ya fara hassadar mai babur. Na ce ya kawo kwano da ashana. A cikin zaure wutar ta fito sosai.

Sai ya fara lissafi da yatsu. Ya ce kofin shayi da safe, kofi da rana, biyu da yamma. Ya ce har cikin azumi, da shi yake bin dabino. Ya ce takardar da ajami aka rubuta ta, ta yaya mutum zai yi zargin abin da aka rubuta da haruffan allo?

Ya shiga ciki ya fito da roba shida. Ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya tuttule cikin kwata yana istigfari. Hannunsa bai iya buɗe ta ƙarshe ba, ni na buɗe mashi. Na ji daɗi a raina, na ce ga mutum. Na ce gobe mu je wurin Rahinatu, ya ce ya riga ya tuba, me ya saura.

Ni ma da na dawo na zubar da wata robar da ta saura mani a gida.

Laraba, 16 ga Afrilu, hantsi

Na gaya wa Rahinatu da fara'ata. Ta aje abin da ke hannunta.

Ta ce, "Baba, ai abin da ya kashe Gado ke nan. Ba shan ba, yankewar."

Ta faɗa mani ranar Lahadi, na kuma rubuta da hannuna, ga shi can sama. Amma da na ga roba a hannun ladan, zunubi na gani, ban ga jiki ba. Ta ce yanzu muna da yau da gobe, a kai shi Jega kafin abin ya zo, kuma dole a gaya wa likita gaskiya, in ba haka ba za su bi zazzaɓi ko sanƙarau har lokaci ya wuce.

Ta tambayi wanda ya bar robarsa wurina nawa yake sha. Na ce murfi ɗaya bayan la'asar, wata uku. Ta ce ba ta tsammanin wannan zai kayar da shi, amma a ce mashi ya riƙa nuna mata hannunsa kowace safiya. Na ce zan isar.

Mai jan babur bai zo ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Ɗayyabu ya ƙi. Na same shi zaune bisa buzu, tasbaha na kaɗawa a hannunsa ba shi ke ja ba. Bai yi barci ba, ya yi amai sau biyu. Rahma, matarsa, ta ce Malam sanyi ne ya kama shi. Na ce ta ɗan ba mu wuri.

Na ce mashi mota na nan. Ya tambayi abin da za a ce wa likita. Na faɗa. Ya ce likitocin Jega ɗiyan mutane ne, wani ma ya yi karatun allo a hannunsa, gobe a ji a kasuwa cewa ladan shekara biyu yana kiran sallah da wanga abu a cikinsa. Ya ce gara a ce aljanu.

"Aljanu ba abin kunya ba ne, Yusufu. Kowa na iya gamuwa da su."

Rabon da ya kira ni da sunana tun rasuwar mahaifiyata. Na so ya ce boka.

Da zan fita ya ce in rufe tagar, akwai masu leƙe. Tagar a rufe take.

Hannuna lafiya.

Juma'a, 18 ga Afrilu, Jega, bayan la'asar

Ƙarfe goma na safe, ina auna wani jariri, muka ji kiran sallah. Muryar Ɗayyabu ce, da lasifika, tsaf ba gargada, ta fi ta kullum daɗi. Matan da ke layi suka dubi juna, suka dubi inuwa. Mutane suka fito daga gidaje suka tsaya, ba wanda ya nufi masallaci, ba wanda ya koma ciki. Ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko.

Na same shi yana fuskantar bango, riga jiƙe. Ya ce sun cika sahu har waje suna jira, ƙanana ne amma sun yi alwala, ba daidai ba ne a bar su. Na ce to a bari su gyara sahu. Na kashe lasifikar. Liman ya ce a kai shi gida a yi mashi ruƙiyya. Na ce a yi mashi a cikin mota. Kafin mu kai Aliero jijjiga ta kama shi sau ɗaya, Rahinatu ta juya shi bisa gefe, Rahma na riƙe da kansa.

Likitan yaro ne, bai fi ɗana na biyu ba. Ya tambayi zazzaɓi, ya tambayi ciwon suga, ya taɓa wuya. Ya kai layin nan a katinsa, na ga alƙalaminsa ya fara rubuta abin da nake rubutawa, bai ɗago ba, don ya ga gemu da tabon sallah. Rahinatu ta dube ni. Tana iya faɗa da Turanci a wuce wurin. Ba ta faɗa ba.

Na ce, "Likita, dakata. Giya ce. Kofi huɗu kullum, shekara biyu, cikin jiƙo, bai sani ba. Rabonsa da ita tun Talata da yamma, kuma ni na sa ya zubar."

Akwai Rahma a wurin, da Mubashir babban ɗansa, da mutum biyu masu jinyar gado na kusa. Likitan ya soke abin da ya rubuta ya kira nas da sauri. Mubashir ya fita bai dube ni ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, hantsi

Yana barcin allura. An ɗaure hannunsa da gado don yana fizge ƙarin ruwa. Likita ya ce kwana uku za su nuna.

Lahadi, 20 ga Afrilu, rana tsaka

Na dawo ƙauye. Wani yaro ke kiran sallah, yana sauri kamar ana binsa.

Ina zaune ni kaɗai a ɗakin magani sai na ga wani abu ya gitta ƙarƙashin benci. Ban duba ba. Na miƙe hannu na dube shi. Na ƙirga ɗari. Da na duba, ƙadangare ne. Ina jin ƙadangare ne.

Litinin, 21 ga Afrilu, magariba

Zazzaɓi ya hau mashi. Rahma ta aiko a ce mani kada in zo.

Talata, 22 ga Afrilu, hantsi

Na fito da katunan maza na shekara biyu na baje bisa tebur. Ciwon ciki, rashin barci, hawan jini da ba ya jin magani, wanda ya faɗo daga babur ba dalili. Babu, babu, babu. Rubutuna yana da kyau, ban taɓa lura ba.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan azahar

Ɗayyabu ya farka. Ya nemi fura. Rahinatu ce ta bugo, na zauna bisa matakala na daɗe.

Wani direba ya ce ya ga mai jan babur wajen Maiyama, wani ya ce ba shi ba ne, wancan baƙin babur gare shi. Mun rubuta wa ofis, Rahinatu ta haɗa da robar da na kawo.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Na roƙi liman minti biyar bayan sallah. Ya ce da sharaɗin ba suna. Na ce sunan ya riga ni isowa gari tun ranar Asabar.

Na miƙe gaban mutanen da na yi wa kaciyar ɗiyansu. Na ce abin da ke cikin jiƙon. Na ce wanda bai sani ba, maganar zunubi tsakaninsa da liman ce, ga shi nan zaune, ni maganar jiki na kawo. Na ce duk mai sha kullum kada ya yanke da kansa, kada ya zubar yau don jin kunya, ya zo mu san yadda za a sauke shi. Na ce ni ma na sha, murfi ɗaya, wata uku, don gwiwa. Wani tsoho daga baya ya tambaya ko gwiwar ta warke. Na ce ta dawo. Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Kafin magariba mutum biyar sun zo ɗaya ɗaya, ta ƙofar baya. Kowanne maƙwabcinsa ne ke sha. Na tambayi kowa kofi nawa maƙwabcin ke sha, kuma yaushe rabonsa.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Jiya aka sallami Ɗayyabu. Yau ya aiko Mubashir, wanda ya isar da saƙo yana kallon ƙasa. Na tarar da shi ya rame, rigar ta yi mashi yawa. Bai yi maganar Jega ba, ban yi ba. Ya ce bai san ko zai sake hawa kiran sallah ba, liman ya ce a jira a gani. Sai ya ce in raka shi maƙabarta.

Muka tafi a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ƙasar kabarin Gado ba ta gama kwantawa ba. Ya tsuguna, na tsuguna.

"Gado ya zo mani da ciwon baya bara waccan. Ni na nuna mashi mai babur."

Ya juyo ya dube ni.

"Kai kuma ya zo wurinka da rai, ba ka tambaye shi ba."

Na ce haka ne.

Ya ce to mu biyu ne, mu yi mashi. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a, hannuwan suka ƙi tsayawa, suna faɗuwa bisa gwiwarsa. Ya gwada sau biyu. Na matsa na tallabi wuyan hannunsa ta ƙasa, na riƙe su sama, ya fara karantawa. Addu'ar ta yi tsawo, ban sake shi ba sai da ya shafa.